Takunkumin Jaki

'Yata ce take rubuta wannan, ni ban san baƙi ba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, ko da ya shafi kawunta. In ta ga ina kuka kada ta tsaya, kukan ba ya hana ni magana.

Tun ina yarinya na san takunkumi abin da ake ɗaura wa jaki ne a baki, don kada ya ci amfanin gonar mutane. Da cutar korona ta zo, sai rediyo ta ɗauki kalmar nan ta ba ƙyallen rufe hanci da baki. Ban san wanda ya zaɓe ta ba, amma ya cuce ni. Na yanki gefen tsohon zanena na zumuntar matan majami'a, na ɗinka biyu, nawa da na maigidana. Ya juya nasa a hannu ya ce, "Shekarun nan duk da muka yi, ashe jaki kike aure." Ya rataye shi a ƙusar bayan ƙofa.

Maigidana manomin citta ne a wani ƙauye kusa da Fadan Kagoma. Da hanci yake gane cittar da ta bushe da wadda za ta yi fumfuna a buhu. Yana da ciwon suga, ƙirjinsa kuma ba ya son sanyi. Ma'aikaciyar asibitin ƙauyenmu ta gaya mini irinsa cutar ta fi kayarwa, in allurar rigakafi ta iso shi ya kamata ya riga kowa.

Yana da ƙane, dattijo ne a majami'armu, ya yi boko, yana da babbar waya. A al'adarmu ƙanen miji abokin wasa ne, yana ce mini matata, ina ce masa mijina. Duk abin da ya fito daga wayarsa, a gidanmu yake saukewa. Yau ya ce allurar alamar dabbar ƙarshen duniya ce. Gobe ya ce akwai ƙarfe a ciki, cokali na mannewa a dantsen wanda aka yi wa. Jibi ya ce duk wanda ya karɓa ba zai wuce shekara biyu ba. Abin da ya fi shiga kunnen yayansa shi ne maganar citta. "Yaya, Turawa tamu suke saye su sha don su tsira. Mu da muke kwana a kanta, wace korona?"

Na tambayi ma'aikaciyar. Ta ce citta tana gyara maƙogwaro, tana ɗumama jiki, amma ba ta tare wannan cuta a ƙofa.

Ranar da allura ta iso na shawo kan maigida. Har ya sa hula, yana neman takalminsa, ƙanen ya shigo.

"Ina zuwa da sassafe, Yaya?"

"Wannan matar ce ta dame ni."

"Matata, ke in kin gaji da duniya ki tafi ke kaɗai mana. Ki bar mini yayana."

"Mijina, in na mutu ai ka huta da ciyarwa," na ce, don a lokacin wasa na ɗauke shi.

Ya juya zuwa yarenmu, ya yi wa yayansa magana ƙasa-ƙasa, irin ta 'yan ɗaki ɗaya. Maigidana ya cire hula ya zauna. Ni kaɗai na tafi.

Dantsena ya yi tsami, na kwana da ɗan zazzaɓi, shi ke nan. Ranar Lahadi bayan sujada matan zumunta suka kewaye ni da cokali. Wata ta ɗora, ya faɗi. Ta tofa masa yawu ta sake ɗorawa, ya sake faɗuwa. Ta ce cokalin ne ba na kirki ba. Tsofaffin mata masu jikoki, suna shafa mini yawu a jiki a lokacin da ake cewa cutar ta numfashi da yawu take bi. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Da lokacin allura ta biyu ya yi, ta ƙare a ƙauyenmu, sai 'yata ta kai ni Kafanchan. Ina zaune a benci na hango wani a layi, ya rufe fuska da takunkumi har gindin ido, ya ja hula ƙasa. Amma kunnuwan gidan mijina ba sa ɓuya, a buɗe suke kamar hannun tukunya. Na bari aka soka masa, sannan na tare shi a ƙofa.

"Mijina, jakin wa ya ɓace?"

Ya riƙe dantse yana waige-waige. "Matata, rufa mini asiri. Sunana ya fito a masu zuwa ziyara Urushalima, an ce ba allura, ba jirgi."

"To alamar dabbar fa?"

"Na yi addu'a a kai kafin a yi mini."

"Yayanka ba shi da bakin addu'a ne? Ka zo ka gaya masa da bakinka. Kai kaɗai yake ji."

Ya ce zai zo. Ni kuwa ina isa gida na gaya wa maigida. Washegari da ƙanen ya shigo, yayansa ya tambaye shi a gabana. Mutumin nan ya yi dariya har da buga cinya. "Ka gani ko, Yaya? Allurar ta fara aiki, matarka ta fara ganin mutane inda ba su." Ya ji kunyar a ce dattijo ya lashe amansa. Maigidana ya dube ni, ya dubi ƙanensa, ya zaɓi jininsa. 'Yata ta ce ita ma ta gan shi, aka ce ta yi wa kawunta rashin kunya.

Ba a daɗe ba aka yi bikin godiya a gidan ƙanen. Baƙi suka zo daga Abuja, ana ruwa, aka cushe a falo, tagogi a rufe. Ƙwaryar kunu ɗaya tana zagaya dattawa, wani baƙo yana tari yana cewa mura ce. Ni ina baranda da ƙyallena a fuska, ana nuna ni ana dariya.

Bayan 'yan kwanaki na kawo wa maigida ruwan cittarsa na safe. Ya kurɓa ya ce, "Yau kin yi rowa, ruwan zafi kika ba ni." Na daka masa ɗanya na kai hancinsa. Bai ji komai ba. Ya tashi ya buɗe buhun da ke ɗaki, ya tusa fuska a ciki, ya daɗe. Da ya ɗago, na ga tsoro a idon mutumin da ban taɓa ganin ya ji tsoro ba.

Ni ma cutar ta kama ni. Na yi tari da ciwon jiki, na tashi. Shi kuwa numfashi ya riƙa gagararsa, har muka kai shi asibiti a Kafanchan. Suka ɗaura masa robar iska a hanci da baki, da igiya ta bayan kai. Daga bakin taga aka bar ni in gan shi. Ya ɗaga robar kaɗan ya ce, "Ga jakinki." Yana so in yi dariya. Na yi masa, don kada ya ga fuskata yadda take. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Ranar biso, wato jana'izarsa, ƙanen ya zo da takunkumi sabo fil, ya tsaya nesa da kowa. Da aka ba shi magana ya ce nufin Ubangiji ne, ba mai tsallake ranarsa. Na sani. Amma Ubangiji bai cire wa maigidana hula ranar allurar nan ba.

Ya je Urushalima ya dawo, ya kawo mini ɗan kwalbar mai. Na ce ya kai wa mai buƙata. Shekara biyun da ya yanka mini sun wuce tuni, ina nan ina cin tuwo, shi ma yana nan. Ba wanda ya koma ya tambaye shi, a majami'a har yanzu kujerar gaba yake zama.

Jiya ya leƙo ta katanga ya ce, "Matata, an tashi lafiya?" Na ce masa mijina ɗaya ne, yana kwance a bayan gidanmu ƙarƙashin mangwaro, ya je can ya gaishe shi. Ƙyallen da na ɗinka wa maigidana yana nan a ƙusar bayan ƙofa. 'Yata ta so ta cire, na ce ta bar shi.