Man shanun da Baffa ya shafa wa sarƙata

Sarƙar motona, wato babur ɗina, ta sake zamewa a cikin rairayi, tsakanin Gidan Rumji da Cadakori, ga buhun hatsin tsohuwata ɗaure a baya. Shekarar babban fari ce, gidanmu an kwana biyu ana dafa ganye.

Ina tsugune ina zagin ƙarfe, sai ga wani dattijon Bafulatani da sanda, ba ko akuya bayansa. Ya duƙa yana shafa haƙoran pinyo, faifan ƙarfen da sarƙa ke hawa, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake duba bakin saniya a kasuwa.

Ya ce, "Ɗana, wagga ta tsufa, haƙoranta sun cinye. Da tawa ce, ba ta ganin damina."

Na ce, "Baffa, ta dai ga Cadakori, ya ishe ni."

Sai ya ciro 'yar ƙwarya mai guntun man shanu, na saniyarsa ta ƙarshe, ya shafe sarƙar tas.

Ni ɗan kasuwa ne, na san inda aka dosa. Na kama bakin buhu zan auna masa tiya, ya riƙe hannuna.

"Bari. Na daɗe ban yi wa dabba hidima ba."

Hatsi ya isa gida, daga baya na sauya sarƙa da pinyo tare. Amma mutumin da yunwa ta ramar da shi haka, ya ba ƙarfe abincinsa? Jama'a, wanda ya gane wannan ciniki ya fahimtar da ni.