Ya Ce Lafiyarsa Lau, Ni Kuma Na Ja Mota

A lokacin ni direban bas ne, ina lodi daga Gwandu zuwa Kalgo, kuma ina ji da kaina. Abokai a tasha kan zolaye ni wai bakina ya fi birkina ci, don ba rigimar hanya da ba na kashewa da daɗin baki.

Wata Juma'a da damina, dab da shiga Kalgo, na kauce wa rami na bugi wani dattijo a kan babur, da buhun taki a bayansa. Ya faɗi, kan babur ya daki cikinsa. Kafin in fito har ya miƙe yana kakkaɓe riga, mutane sun kewaye mu. Kun san dattawanmu da kunya da dauriya, ba zai ce wayyo a gaban sa'o'in 'ya'yansa ba. Ya ce lafiyarsa lau, ƙaddara ce, ya yafe. Amma na gan shi dafe da haƙarƙari, gumi na keto masa. Wata mata cikin fasinjojina ta roƙe ni mu kai shi asibiti ko da ba a ga jini ba. Ni kuwa tsoron kada 'yan sanda su riƙe motar ya cika ni, maza kuma na ta mitar za su rasa sallah. Na ce mata mai jikin da kansa ya ce ba komai. Na miƙe masa kan babur, na ɗaure buhun, na tambayi ƙauyensu, na ja mota.

Bayan kwana uku na sayi goro na tafi gaishe shi, har ina ganin na kyauta. Tabarmin zaman makoki na tarar a ƙofar gida. Babban ɗansa ya shaida mini tun la'asar ɗin ranar jiri ya kayar da shi, suna isa asibiti ya cika. Likita ya ce jini ne ya taru a cikinsa, da an kawo shi da wuri da akwai abin yi. Sannan ɗan nasa ya riƙe hannuna ya gode mini da na zo, ya ce mahaifinsu ya bar wasiyya kada kowa ya nemi direban.

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ajiye tuƙi, amma zuciyata ba ta huta ba har yau. 'Yan uwana direbobi, in kun bugi mutum, ko ya tashi yana murmushi, ku ɗauke shi zuwa asibiti, ku sanar da hukuma, a yi sulhu daga baya. Shi ya yafe mini a bakin titi, ni kuma na karɓi yafiyar na bar shi ya tafi gida ya mutu.