Isaka Mai Tol da Lungun Biba

Da hantsi za ka ga Isaka a bakin kasuwar Madawa, guduma a ƙugu, kai sama. Ba mutane yake kallo ba, rufinsu yake kallo. Ni da nake maƙwabcinsa, sai tol ɗina, kwanon rufin ɗakina, ya fara kuka nake samun cikakkiyar gaisuwa.

Bana gwiwa ta hana shi hawa tsani, ga damina a ƙofa.

Ba ya buga ƙusa sai ya kafa sanduna a kusurwoyin gida, ya ɗaura musu tsummoki, ya zauna jiran hadari. Inda tsumma ya miƙe, iska wucewa take yi. Inda ya yi ta juyi yana naɗe sanda, nan take murɗawa, nan zai ƙara waya da katako. Mu sauran gari dabararmu ɗaya: a ɗora duwatsu kan rufi, a yi addu'a.

Bara aka sare dogonyaron lungun Biba mai fura, aka ta da etaj biyu, dogayen benaye, suna kallon juna. Ɗakin da take kwana da jikokinta ya rage a ƙuryar lungun. Isaka ya zo da sandunansa ba a kira shi ba.

"Malam Isaka, shanya ka zo yi mini?" in ji Biba.

"Biba, iskar da iccen ga ke tarewa, yanzu tsakanin etaj take matsowa, ta iso nan ta rasa mafita. Ɗakinki za ta murɗe."

"Duwatsuna sun ishe ni tun zamanin marigayi maigidana."

"Zamanin marigayi da icce. Dutsin ga in ya tashi, ba sama zai zamna ba."

Ta janye jikokin daga gindin bango. Ya sauke duwatsun, ya ɗaure katakon rufin da waya har cikin gini. Da hadari ya taso bayan la'asar, rumfunan lungun suka tashi. Nawa rufin a garken awakin wani na same shi, awakin har sun saba da inuwa. Na Biba bai motsa ba.

Kai ne, Isaka, ka kula cewa in gari ya sake, iskarsa ma sakewa take. Mai ɗaure sama da ƙasa, Allah ya saka maka, ya sassauta gwiwar.

Amma ga wani etaj yana tashi a bakin lungun nan. Isaka ya ce iska za ta sauya hanya, ɗaurin bara ba lallai ya riƙe ba. Kafintocin Madawa, ku je ku same shi a ƙofar gida. Ba ya hawa, amma yana nuni. Ku je yau, Biba da jikokinta a ɗakin nan suke kwana, kuma gabas ta fara baƙi.