Buhun Takardun Malam

Jiya ina sussukar gero sai ga baƙi biyu daga Bici, abokan aikin marigayi maigidana. Shi Malam, maigidan nawa, shi ne sakataren ƙungiyarsu ta masu koyar da aikin rediyo, kuma takardun tarukansu tun na farko suka zo nema.

Bayan rasuwarsa ƙaninsa ya so a ba mai tsire ya riƙa naɗe nama da su. Na hana, domin kowane shafi da Bisimilla Malam yake fara shi. Na zuba a buhu na sa a rumbu, ban sake dubawa ba. Shekara biyu ke nan, ga gidanmu da gara.

Na ɗauko buhun na kwance. Ko gefen takarda ɗaya gara ba ta ci ba.

Dattijon cikinsu ya ce, "Hajiya, ai tarihinmu kika adana mana."

Na ce, "Ni ina na san tarihi? Sunan Allah na gani da rubutun mijina."

Ya cire tabarau ya share ido.

Alhamdulillahi, amanar Malam ta koma hannun masu ita. Ku sa shi a addu'a. Ku fa, me naku suka bari da kuka kasa yarwa?