Ɗiyar Mai Wankan Gawa

A zamanin 'yammatancinmu a Zongon Lome, mai kaifin baki ita ake yayi. In kin iya yarfa mutum da Faransanci har a kwashe da dariya, kika kuma ɗaura atamfar da ta sauka babbar kasuwa a makon, to ke ce gwana. Kirki kuwa kayan tsofaffi ne, kamar goro da carbi. Ni bakina ya fi zanena tsada, shi ya sama mini wuri cikin 'yan gayun unguwa.

Ina da ƙawa tun muna makarantar allo. Uwarta ce ke wanke matan Zongo idan sun rasu, ita kuma tana riƙe mata buta. Faransancinta bai wuce na cinikin kifi ba. Amma in zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ce mai zuwa da koko, ta yi mini wanki, ta tsefe mini kai.

Ranar wani biki a unguwar Agoè aka ajiye mana tiren shinkafa da wake, mu shida cikin ankonmu. Ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta yi bismilla ta sa hannu. Sauran suka zuba mini ido, su ga ko tasu ce ni ko tata. Na janye hannuna na ce, "Pardon, ma chère, wannan hannun ina ya shiga da safe?"

Aka fashe da shewa har da tafawa. Ita kuwa ta wanke hannu ta tafi. Na ji daɗin shewar nan, ba zan yi ƙarya ba. Tun daga ranar sai gaisuwar hanya, ba mu sake haɗa kwano ba. Kullum ina cewa zan je in ba ta haƙuri, kullum girman kai yana riƙe mini ƙafa.

Yanzu duniya ta juya, wai kirki ake yayi. Masu shewar nan sun zama hajiyoyi, sun kafa ƙungiya, ni ma ina ciki. Duk azumi mu ɗinka anko mu raba shinkafa, kuma ba a miƙa buhu sai mai waya ya ce ya shirya. In tsohuwa ta karɓa ba ta yi hawaye ba, a sake ɗauka. Abin yana ƙona mini rai, don na san mu sarai. Hali zanen dutse ne, yayi kawai muka sauya.

Bara mahaifiyata ta rasu. 'Yan ƙungiya suka cika rumfa suna gyaran mayafi. Ɗakin da take kwance ba a shiga da waya, saboda haka ba wadda ta ko leƙa. Ƙawata ce ta shiga, don ta gaji uwarta. Ina zuba mata ruwa, ina kallon hannun nan yana bin jikin mahaifiyata a hankali kamar mai wankan jariri. Na buɗe baki in roƙi gafara, kuka ya tare ni.

Ranar sadakar uku ƙawata ta zo da kwano ɗaure cikin ɗankwali, don ta ji an ce na kasa cin komai. Na ce a raina yau ce ranar. In ta sa hannu muka ci tare a gaban hajiyoyin nan, na san ta yafe mini.

Na ce, "'Yar'uwa, zauna mu ci."

Ta buɗe kwanon, tuwo da miyar ayoyo da zafinsa. Ta tura shi gabana, ta ja baya ta naɗe hannuwanta cikin mayafi. Da gori ta yi mini, da na ji sanyi. Amma tsakaninta da Allah take lallashina, shi ne abin da har yau yake cina.

Ta ce, "Ci abinki, Hajiya, kada ki damu. Ba ni na dafa ba, ɗiyata na sa."