Saura Kalmomi Bakwai

Dokta Zdravko Pelov ba ya iya karanta takarda bai ƙirga kalmominta ba. Yana da wani guntun fensir a aljihun farar rigarsa, duk kalma ta goma sai ya ɗiga mata ɗigo a ƙasa, leɓɓansa suna motsi. Takardar magani, wasiƙar hukuma, har jerin abincin da ake mannawa a ƙofar kicin. Na yi shekara ashirin da shida a ɗakin gwaje-gwaje, ƙofata tana kallon tasa, kuma a shekarunmu na ƙarshe duk sakamakon jinin da na aika masa da ɗige-ɗige yake dawo mini. Ba da wannan hali ya zo asibitinmu ba. Wani taron likitoci ne ya koya masa.

Asibitinmu ƙarami ne, na gunduma, a gindin tsaunukan arewa maso yammacin Bulgariya. Pelov shi ke duba masu ciwon ƙoda, kuma muna da su da yawa, yawancinsu daga ƙauyukan bakin rafi. Ciwon ba ya zuwa da hayaniya. Mutum ya yi ta ramewa, fatarsa ta koma launin tagulla, kafin a kawo shi wurinmu ƙodar ta riga ta ƙanƙance.

Ranar Asabar sai ya hau kekensa ya nufi ƙauyukan. Bai cika shiga gidaje ba, ƙofofi yake karantawa. Takardun rasuwar da muke mannawa a ƙofar gida, da hoton mamaci da shekarunsa, a sake manna wata ranar arba'in, wata kuma in an cika shekara, su yake kwafewa a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Sai ya zauna a benci da tsofaffin matan unguwa ya yi musu tambaya biyu. Wannan 'yar gida ce ko auro ta aka yi? A ina gidan suke noman alkamarsu? Ya cika littafi talatin da ɗaya. Suna na farko a littafi na farko na wata Temenuga ne, mai shekara arba'in da huɗu, wadda aka aurar daga garinmu zuwa ƙauyen Gorna Reka. Kafin aure Pelova ake ce mata, sunan da 'ya'ya mata na gidan su Pelov suke ɗauka. Bai taɓa yi mini maganarta ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin da ya gani a ƙofofin nan shi ne ciwon gida yake bi, ba jini ba. 'Yar gidan da aka aurar da wuri zuwa birni tana tsira. Matar da aka auro daga waje kuwa, in ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin tana cin burodin gidan, sai ta kwanta. Yana da sunayen irin matan nan sittin da biyu da suke yawo da ƙafarsu, ba wanda ya taɓa gwada su.

Taron likitocin ƙoda duk shekara biyu ake yin sa, a bakin teku, da kaka. Wanda aka karɓi aikinsa ana ba shi minti goma a gaban manya, kuma a can ake yanke gundumar da za a tura wa motar gwaji. Motar nan yake so wa matansa. Hanyar shiga ɗaya ce, ka aika taƙaitaccen bayanin bincikenka, kada ya wuce kalma ɗari biyu da hamsin.

Karo na farko kalma ɗari tara ya aika ta gidan waya. Aka dawo masa da ita tare da takardar ƙa'idoji, an ja jan layi a ƙarƙashin lambar. Washegari na fara ganin fensirin.

Karo na biyu ya daidaita ƙirgarsa, amma takarda ba ta fita sai da hatimin shugaban sashe, Dokta Asen Karadjov. Ina ofishin lokacin, na kai wasu sakamako.

"Abokin aikina Pelov, na karanta, ya yi kyau," in ji Karadjov. "Sai dai an manta wani abu a sama."

"Me aka manta?"

"Duba sosai. Kai da kake ƙirga har da waƙafi."

"Sunanka kake nufi? Kai da ba ka san ta inda ake shiga Gorna Reka ba?"

"Na san ta inda ake shiga taro. Kai ka san ƙauye, ni na san taro, ka ga mun dace."

Pelov ya ɗauki takardarsa, hatimi ya koma aljihun tebur. Kowa a asibitin ya san sunan shugaba shi ake fara rubutawa, ko bai san kan zancen ba. Nevena, sakatariyar sashen, mace mai baki da kirki, ta bi shi har ƙofa.

"Doktore, suna fa ba ya cikin ƙirga. Ko sunan karena ka sa, ɗari biyu da hamsin ɗinka suna nan daram."

"Karenki ya fi shi cancanta. Shi ya taɓa bina ƙauye."

Shekara biyu suka tafi a kan wannan.

Karo na uku ya haƙura, sunan Karadjov ya hau gaba, hatimi ya sauka. Bayan wata biyu amsa ta zo, layi biyu kacal, wai takardun da ake mannawa a ƙofa ba madogara ba ne a wurin masana. Ya shigo ɗakina da ita, ya zauna kusa da tukunyar kofi. Na ga ya riga ya ɗiga mata ɗigo ɗaya.

"Kalma goma sha tara," ya ce. "Su ba a ƙayyade musu ba, amma iyakar abin da suka ga na cancanta ke nan. Stamen, wane fayil ne a asibitin nan ya san wadda aka haifa a gida da wadda aka auro?"

"Babu."

"Ƙofa ta sani. Tsofaffin benci sun sani."

"Tsofaffin benci ba sa cikin kwamiti, doktore."

Bai yi dariya ba. Ya shanye kofinsa da sanyinsa.

Daga nan muka shiga ɗakin ajiyar fayiloli na ƙasa, ni da shi, duk ranar da aiki ya yi sauƙi. Muna ɗaukar suna daga littafinsa mu nemo fayil ɗin mai sunan, da gwajin jininsa. Ruwa ya taɓa shiga ɗakin, wasu takardun sun manne da juna kamar waina. Cikin mamata ɗari uku mun samo ɗari biyu da goma sha huɗu. Yanzu yana da ƙofa, yana da fayil.

Kafin karo na huɗu an daina karɓa ta gidan waya. Ta kwamfuta ake aikawa, cikin wani gurbi da yake ƙirga kalmomi da kansa, kuma za a rufe ranar Juma'a da ƙarfe sha biyun rana. Pelov bai iya kwamfuta ba, Nevena ce mai bugawa. Da hantsi muka taru a ofishinta, ta buɗe mana banitsa, wani burodi mai cuku a ciki, a kan jarida. Karadjov ya sa hannu tun ranar Laraba ya tafi hutu.

Ta buga, ta zuba a gurbin. Ƙasan rubutun ya ɓace.

"Ina jimlar ƙarshe?" in ji Pelov.

"Ya cinye ta. Ɗari biyu da sittin da uku gare ka, doktore."

"Na ƙirga sau huɗu, ɗari biyu da hamsin ne."

"Ka ƙirga da kan bayani da lambobi? Shi har su yake ƙirgawa. Ba shi da uwa a ƙauye, ba ya jin roƙo."

Jimlar da ta ɓace ita ce ta matan nan sittin da biyu. Nevena ta bi rubutun da yatsa a kan gilashin, ta tsaya a tsakiya.

"Ga ta nan. Wannan da kake faɗin ka fara daga takardun ƙofa, kalma goma sha uku ce cif. Cire ta mu tura, mu ci abincinmu. Da ma ita ce ta kayar da kai wancan karon."

"In na cire ta za su ɗauka daga fayil na samo komai. Fayil bai san matan aure ba."

"Sai ka faɗa musu a can, bayan ka shiga."

"Wato in shiga da ƙarya."

"Ka shiga da gajeren zance. Bai Stamen, ka yi masa magana, kai yake ji."

Haka take kira na, bai, wato yaya a wurinmu. Na ce masa ni ma da cirewa zan yi. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya zaro fensirinsa ya sunkuya a kan takarda yana neman kalmomin a wasu wurare, ɗaya nan, ɗaya can. Kowace sai ya karanta jimlar sau biyu, da ita da kuma babu ita. Ƙarfe sha ɗaya da kwata ya samu shida. A lokacin nas ta leƙo ta ce an kawo wata mata daga Gorna Reka, ƙafafu a kumbure, tana amai. Ya tambayi sunanta. Da aka faɗa, bai buɗe littafi ba, sunan yana cikin sittin da biyun nan, ya dai sa fensirin a aljihu.

"Kada ki taɓa komai sai na dawo," ya ce wa Nevena.

Na bi shi don ɗibar jini. Sha biyu da minti goma muka dawo. Nevena tana zaune hannuwanta a cinya, gurbin ya rufe. Daga baya ta faɗa mini ta goge jimlar ƙofar sau biyu, sau biyu kuma ta mayar da ita.

"Da na tura, bai Stamen, da ya tafi bakin teku. Amma da bai sake cin banitsata ba."

Motar gwaji wata gunduma ta tafi. Shekarar da ta biyo aka haɗe sashen ƙodarmu da na babban asibitin yanki, aka ba mu takardar ritaya mako ɗaya, ni da shi. Idan muka haɗu a kasuwa yakan ce taro na gaba yana nan tafe, ya samu wata hanyar faɗin abin a gajarce. Ban taɓa jin hanyar ba. Asabar dai bai daina hawa keke ba, sai da gwiwa ta hana shi.

Ya rasu a watan Maris, kafin a buɗe karɓar takardun taro na biyar. Ranar arba'in na tsaya a ƙofar gidansa ina karanta takardar da aka manna, sai na kama leɓɓana suna motsi. Matarsa Rayna ta fito ta miƙa mini wani fayil mai igiya, ta ce a kan teburin kicin ya bar shi, ita ba ta san wa za ta ba ba.

A ciki akwai jerin sunayen matan, an soke goma sha ɗaya. Sai takardar bayanin, ta yi laushi don gogewa. Jimlar ƙofa tana nan yadda take, ta matan aure ma tana nan. Ya ja ɗan layi a ƙarƙashin kalmomi biyu a tsakiya amma bai soke su ba. A gefe ya rubuta ɗari biyu da hamsin da bakwai, ya kewaye, fensirin yana kwance a kai.