Gwaggo Asabe da Mawaƙan Rediyo

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a rumfar Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, a kasuwar katako ta Dei-Dei, ya san ba ta barin mawaƙi ya gama magana. Rediyo na rataye a jikin ƙusa, tana tuƙi tana ba shi amsa. Mawaƙi ya ce bai sani ba ko yarinya na sonsa, sai ta nuna rediyon da muciya ta ce, "To ka je ka tambaye ta mana. Bakinka ciwo yake?"

Wani mawaƙin ya rera cewa shi da masoyiyarsa sun haɗu a lokacin da bai dace ba. Ta ce wannan mai mata ne, kunyar faɗa yake ji.

A wani biki a Kuchigoro ta je ta tsaya a kan yaron da ke saka kiɗa, wai sai ya gaya mata ko budurwar da ake jira a waƙar ta zo. Ya ce, "Mama, ai waƙar ta ƙare." Ta ce shi ke nan haka za a bar ɗan mutane a tsaye? Har muka dawo gida tana mita.

Ni ma ban tsira ba. Akwai wani Habu da ya daɗe yana nemana, ba ya cewa komai sai dai ya turo min waƙa a waya, mai cewa lokaci ne zai nuna. Na kasa gane inda ya dosa, na kai wa Gwaggo waƙar. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in kira shi. Da ya zo ta cika masa kwano, ta bari ya yi nisa da ci, sannan ta ce, "Ɗana, lokacin nan da kake jira, a wace mota zai iso?"

Habu ya wanke hannu, ya ce zai je ya duba kaya. Bai sake dawowa ba. Ina kuka ta miƙo min tsintsiya in share rumfar, ta ce, "To, kin ji fassarar waƙar."

Na yi fushi, na daina zuwa rumfar. Ita ta biyo ni har gida da dambu, ta zauna gefen katifa tana share min hawaye da bakin zanenta, ba ta ce na gaya miki ba. Daga baya, ranar aurena da mijina Isiyaku, ita ta riƙe hannuna har ɗaki.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka kabarinta, Ya share mata hawaye kamar yadda ta share nawa.